Ina so in harbi elk daga yadi 600: wane harsashi zan saya, kuma ina zan sa bara?

Tambaya: Malam, ina zaune a Denba ta jihar Kolarado, bana na samu lasisin watan Oktoba na farautar elk, wata babbar dabbar daji mai ƙaho ta Arewacin Amurka. Bindigata .30-06 ce. Mai shagon bindigogi ya ce ba za ta yi aiki a yadi 600 ba, sai in sayi .300 Winchester Magnum, wai ita ko ina ta sami dabba sai ta faɗi. Bara abokina ya harbi wani elk daga nesa, suka bi jini har dare ba su gan shi ba. Abin ya tsaya mini a rai, ba na so in bar dabba ta mutu mushe a daji. Me zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye kuɗinka. Bindigarka ba ta da laifin komai, tun 1906 ake kayar da manyan namun daji da irinta. Dokar Kolarado ma abin da ta nema ga elk kaɗan ne: bindiga daga kaliba .24 (faɗin harsashi a inci) zuwa sama, da harsashi mai buɗewa wanda nauyinsa bai gaza giren 85 ba (giren ma'aunin nauyin harsashi ne). Da harsashin giren 180 a bindigarka ka wuce nan nesa.

Zancen harsashi gajere ne. Namijin elk yakan kai kilo 300 ko ya haura, ya ɗara gwankinmu, ga kaurin fata ga ƙashi. Kana bukatar harsashin da zai buɗe amma ba zai tarwatse ba. Ga irinsu uku: Nosler Partition, wanda ke kasuwa tun 1948, gabansa yana buɗewa, bayansa ya ci gaba da kutsawa. AccuBond an manne darmarsa da rigarsa. Barnes TTSX jan ƙarfe ne zalla, yana ratsa ƙashi sosai, sai dai yana son gudu kafin ya buɗe. Ka sayi kwali biyu ko uku, wanda bindigarka ta fi tara shi wuri guda a takarda shi ne naka. Na gasar harbin takarda kuwa ka bar wa masu gasa. Abin da za ka riƙe shi ne gudun harsashi a lokacin da ya isa jikin dabba. Yawancinsu suna bukatar gudun ƙafa 1,800 a daƙiƙa kafin su buɗe, na jan ƙarfe gara ka ba shi 2,000. Naka yana barin bakin bindiga da kimanin 2,700, a yadi 400 ya sauko wajen 2,000. Ka ga iyakarka ta fito da kanta.

Yanzu ga maganar mai shago, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, don kullum sai na ji ta. Wai ko ina ta samu sai ta faɗi. Ƙarya ce, kuma ita ce ke cika dazuzzukan Kolarado da Wayomin da gawarwakin da ba wanda ya ci. Harsashi ba ya kayar da elk da ƙarfin bugu. Abin da ke kashe shi jini ne ya zuba, huhu biyu su daina aiki, ko a taɓa laka. Ka zuba masa magnum a tumbi, zai gantsare baya, ya taka a hankali ya shige kurmi, ya kwana yana shan azaba, ya mutu inda sai hankaki ne zai gano shi. Ka sa masa harsashin ƙaramar bindiga 6.5 Creedmoor a huhu biyu, da wuya ya yi nisa. Mai shago bindiga yake sayarwa, ba shi zai bi sawu a cikin ƙanƙara da tocila ba.

Abin da bai gaya maka ba shi ne naushin magnum. Tana dukan kafaɗa da ƙarfi, ƙararta tana kaɗa kunne, mutum ya koyi zabura tun kafin ya gama jan kunama, shi bai ma sani ba. Gwada wannan a filin atisaye: abokinka ya loda maka bindiga ba ka gani, wani lokaci ya bar ta fanko. Idan ka ja kunama ka ji ƙyas, ka ga bakin bindiga ya duƙa ƙasa, to ka gano inda harsashinka yake zuwa. Ƙaramar zaburar da a yadi 100 ba ta wuce inci 2 ba, a yadi 600 ta zama inci 12.

Ga iska kuma. Mai gudun mil 10 a awa, idan ta bugo daga gefe, tana karkatar da harsashin magnum ɗin nan kimanin ƙafa ɗaya da rabi a yadi 500, alhali wurin da kake nema a ƙirjin elk bai fi faɗin hakan ba. Iskar da kake ji a kumatunka ma ba ita ce ke kaɗawa a tsakiyar kwarin da ke tsakaninku ba. Harsashin yana shafe fiye da rabin daƙiƙa a hanya, taku ɗaya dabbar za ta yi, huhu ya koma tumbi. Masu bidiyon YouTube da ke harbi daga yadi 900 suna tafi, wanda ya faɗi kawai suke nuna maka. Waɗanda suka tsere da karyayyar ƙafa an yanke su a kwamfuta.

To ina za ka sa bara? Ka jira ya ba ka gefe sosai. Bi layin bayan ƙafar gaba ka hau, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na zurfin ƙirji daga ƙasa, ko ɗan sama da haka kaɗan. Nan huhu biyu suke, saman zuciya na kusa. Idan ya ɗan juya maka baya, ka nufi ƙafar gaba ta wancan gefen. Kai da wuya ka manta da su. Ƙwaƙwalwa ƙarama ce, kai ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuskuren inci kaɗan ka fasa masa muƙamuƙi yunwa ta ƙarasa shi. Idan gindi ya juyo maka, sauke bindiga.

Nisan da ya halatta gare ka shi ne wanda kake samun farantin takarda sau tara cikin goma da harbin farko, kana kwance a ƙasa bindiga a kan jakarka, numfashi na sama-sama bayan hawan tudu. Teburin atisaye ba ya cikin lissafi. Ga yawancin mutane wannan bai wuce yadi 300 ba. Sauran yadi 300 ɗin da ƙafa da rarrafe ake cinye su, iska tana busowa daga wajensa zuwa wajenka. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce idan za ku kashe ku kyautata kisan, bismillar da ka yi wajen jan kunama ba ta ɗauke maka wannan nauyin ba.

Bayan harbi kada ka ɗago kai kana murna. Sake lodawa nan take, muddin yana tsaye ka ƙara masa. Idan ya ɓace, sa alama a inda ka tsaya da inda ya tsaya. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, ka ba shi rabin awa. Idan ka ga koren abinci mai wari, tumbi ka samu, ka ja baya na awa shida ko fiye, don in ka tashe shi daga kwanciya ba za ka sake ganinsa ba. Bin sawun dabbar da ka raunata kuma dokar Kolarado ta wajabta maka shi.