'Yar uwa, kada ki bari su yi mata fomat

Assalamu alaikum 'yar uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, sai na ga kamar ni ce na rubuta. Kin ce laftof ɗin ko wata guda ba ta yi a hannunki ba, duk lokacin da Windows ya sauke sabuntawa ta mutu ta taso, sai ta ɗan yi nisa da ƙirga, ta rubuto miki Undoing changes ta koma gidan jiya. Datarki ta ƙare har sau uku, kuma mai shagon ya ce ki kai ta a yi mata fomat, wato a goge duk abin da ke cikinta a zuba sabon Windows. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa na ajiye abin da nake yi na zauna rubuto miki. Don girman Allah kada ki kai ta tukuna. In ma kai ta ya zama dole, to kada ta bar gidanku sai kin kwashe duk abin da ke ciki kin zuba a filashi ko a Google Drive, kin kuma buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya kin ga da idonki suna buɗewa.

Ni abin da ya same ni ke nan. Ina karatun digiri na biyu a sashen Hausa, aikina a kan waƙoƙin daka da na niƙa na mata ne. Na yi watanni ina bin ƙauyuka da waya a hannu ina ɗaukar muryoyin tsofaffi. Wasu sai na yi zuwa uku kafin su yarda su buɗe baki, don a ganinsu waƙar ƙuruciya ce, sun girme ta. Da na haɗa kuɗin adashi da ɗan abin da maigida ya ƙara min, na je kasuwar waya na sayo laftof a cikin kwalinta, har da leda a jikin madannanta, aka rantse min cewa sabuwa ce dal. Da murnata na kwashe duk muryoyin daga waya na zuba a ciki, na goge na wayar saboda kullum kukan cika take yi. Babi na uku da rabin na huɗu duk a ciki na rubuta su.

Sai sabuntawa ta fara ƙi. Ni nawa ma bai kai ga irin naki ba, tun wajen nema yake tsayawa, ya yi ta juyi ya ƙare da jan rubutu da wata doguwar lamba. Na sayi datar dare na hana idona barci, a banza. Na koma shagon. Mutumin nan ko kallon fuskar kwamfutar bai yi ba ya ce, "Hajiya, bairos ne." Ya ƙwala wa yaronsa kira ya ce ya duba ta. Na ce wa yaron, da bakina, sau biyu, akwai aikina a ciki, kada a taɓa min komai. Ya ce, "Haba Anti, Windows ɗin kawai zan gyara, ki je ki dawo bayan la'asar."

Na dawo bayan la'asar ya miƙo min ita yana murmushi. Na kunna a nan kan kantar shagon. Hoton 'yata da ke bango babu, sai wani shuɗin hoto. Na buɗe foldar da na sa wa suna Bincike, babu foldar ma gaba ɗaya. Na duba nan, na duba can, hannuna yana rawa har na kasa riƙe ɗan linzamin. Na ce, "Ina kayana?" Ya ce, "Ai fomat na yi mata, ba ki ce da abu mai muhimmanci ba." Gwiwoyina suka yi sanyi, na zauna kan wani benci a bakin shagon, mutane suna ta wucewa da cajoji da kwalayen waya, ni kuma kuka ya ƙwace min kamar ƙaramar yarinya. Mai shagon ko a jikinsa. Yana ƙirga kuɗin wani ciniki ya ce min in yi haƙuri, ƙaddara ce, kuma in ba yaron kuɗin aikinsa. Har yau in na tuna da yadda ya faɗi kalmar ƙaddara ba tare da ya ɗago kai ba sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Na yarda da ƙaddara, amma ganganci ma sunansa ganganci.

Rubutu ana sake shi, na sake. Muryoyin ne. A cikinsu akwai na wata tsohuwa da ta rera min waƙar niƙa tana zaune kan tabarma da carbi a hannu, ta kai tsakiya ta tsaya ta yi dariya ta ce rabonta da wannan waƙa tun tana amarya. Na koma ƙauyen bayan damina don in sake ɗauka, aka ce ai an yi arba'in ɗinta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Na kai laftof ɗin wajen wani mai dawo da fayiloli, ya gwada iya ƙoƙarinsa, ya ce min ma'adanar SSD ce, irinta in an goge aka kuma zuba sabon Windows a kai da wuya a samu abin kirki, ba kamar tsohon faifai mai juyawa ba. Ko ɗaya ba a samu ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, ina komawa gida na haɗa ta da intanet, sai ga lambar nan ta dawo, ita ɗin dai, 0x80072F8F. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bayan kwanaki wani ƙanin maigida ya zo gaishe mu, ya leƙa fuskar kwamfutar ya ce, "Yaya, me ya sa kwanan watanki yake shekarun baya?" Agogo ne, 'yar uwa. Kwanan wata ne ba daidai ba. Idan agogon kwamfuta ya kauce da yawa, ba ta iya tantance takardun tsaron da ake amfani da su wajen haɗuwa da Microsoft, sai haɗin ya ƙi. Ya shiga Settings, wajen Time & language, ya sa yankinmu West Central Africa, ya kunna saita lokaci da kanta, ya danna Sync now, ko minti biyar ba a yi ba ta fara saukewa. Abin da aka shafe min aikin shekara a kansa ke nan. To ki dubi ƙasan fuskar kwamfutarki ta hannun dama yanzun nan, ki ga ko rana da wata da shekara sun yi daidai.

Ba na ce naki agogo ba ne, tunda ke har saukewa take yi, a wajen girkawa take faɗuwa. Shi ya sa nake roƙon ki turo mana lambar, don ba ki sa ta a tambayarki ba. Ki shiga Windows Update, ki buɗe Update history, za ki ga wadda ta ƙi, da lambarta mai farawa da KB, da lambar kuskuren mai farawa da 0x. Ki ɗauki hotonsu. Idan 0x80070070 ce, wuri ne ya yi kaɗan a ma'adana. Wannan ya yi yawa a 'yan ƙananan laftof masu araha da ke zuwa da gigabait 64 kacal, Windows da kansa ya cinye kaso mai tsoka, sabuntawa kuma tana buƙatar filin da za ta baje kayanta kafin ta zauna. Ki buɗe This PC ki ga nawa ya rage a C. Idan 0x800f0922 ce, sau da yawa ko dai VPN ne a kunne, ko ɗan ɓangaren ma'adana da Windows ke keɓe wa kansa ya cika. Ki kashe VPN ki sake gwadawa. Idan kuma 0x80073712 ce, wani fayil ɗin da sabuntawar ke nema ne ya lalace ko ya ɓata.

Kuma don Allah, duk daɗewar da za ta yi tana juyi, kada ki danne maɓallin kashewa. Na san zafin zama ana kallon kashi ɗaya na tsawon awa, amma kashe ta da ƙarfi tana tsakiyar girkawa shi ke lalata fayilolin. Ki jona ta da caja, kuma ki tabbata batirin a cike yake kafin ki fara, ba mu da tabbacin wutar NEPA. Musamman in kin ga sabuntawar BIOS ce, wato ɗan tsarin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, wannan in wuta ta yanke mata a tsakiya tana iya hana kwamfutar tashi kwata-kwata. Ki cire filashi da firinta da duk abin da ke maƙale a jikinta kafin ki sake ta.

Na tuna wani abu, gara in faɗa kafin in manta. Sababbin laftof da yawa suna zuwa da ma'adanarsu a kulle da BitLocker ba tare da mai ita ya sani ba. Wani lokaci bayan sabuntawar BIOS sai ki wayi gari da shuɗin allo yana neman mabuɗi mai lambobi 48. Mabuɗin yana cikin asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga kwamfutar da shi. Wa ya fara kunna taki, ke ko yaran shago? In da asusunsu aka buɗe ta, mabuɗinki yana hannun wani. Ki shiga asusunki ta waya ki nemi mabuɗin, ki rubuta shi a takarda ki adana inda kike ajiye takardun makaranta. Wata ƙawata sai da ta kwana biyu ba ta shiga kwamfutarta ba saboda wannan, Allah ya taimake ta ita da imel ɗinta aka buɗe.

Gyaran da ƙanin nan ya koya min daga baya, wanda na yi wa mutum biyu a wajen aikinmu ya kuma yi, shi ne a zubar da abin da aka sauke rabi da rabi. Da intanet irin tamu mai yankewa, sau da yawa fayil yakan sauka da rauni, Windows ya yi ta ƙoƙarin girka gurgun abu. Da farko ki gwada mai gyaran da ke cikinta, a Settings, System, Troubleshoot, Other troubleshooters, ki danna na Windows Update. In bai yi ba, ki nemo Command Prompt, ki buɗe shi da Run as administrator. Ki rubuta net stop wuauserv ki danna Enter, sai net stop bits. Daga nan ki shiga C, ki buɗe foldar Windows, ki canza wa foldar SoftwareDistribution suna, ki ƙara mata .old a ƙarshe. Ki kashe ki kunna, za ta ƙirƙiri sabuwa da kanta. Wannan bai taɓa fayilolinki ba ko kaɗan. Illarsa ɗaya, za ta sake saukewa daga farko, don haka ki bari sai kin samu Wi-Fi mai ƙarfi a makaranta ko ofis. In har yanzu ta ƙi, a wannan baƙin allon ki rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth ki bar shi ya gama, yakan yi kamar ya maƙale amma aiki yake, sannan ki bi shi da sfc /scannow. Ki kwafe su daidai, har da tazarar da ke tsakani.

Batun data kuwa ya ci min tuwo a ƙwarya nima. Kafin ki samu Wi-Fi, ki danna Pause updates, ana iya dakatar da ita har mako biyar, ta daina shanye miki data a ɓoye. Ki kuma shiga bayanan haɗin wayarki ki kunna Metered connection. Manyan sabuntawar suna fitowa ne Talata ta biyu a kowane wata, sai ki san lokacin da za ki shirya. In kin san lambar KB ɗin da ta ƙi, wani mai intanet mai kyau zai iya sauke miki ita daga Microsoft Update Catalog ya sa a filashi, ki girka da hannu.

Sai maganar da ba ki tambaya ba, amma ba zan iya yin shiru ba. Kin tabbata sabuwa ce? Tawa agogonta ya riƙa komawa baya ne duk lokacin da caji ya ƙare ƙaf, saboda ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe lokaci a ciki ya mutu. Sabuwar kwamfuta ba ta zuwa da mataccen batirin agogo. Ƙanin ya rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, rahoton ya fito, sai ga shi an yi wa babban batirin caji ɗaruruwan sau, ƙarfinsa ya ragu sosai daga yadda aka ƙera shi. Tokumbo ce aka goge aka sa a kwali aka karɓi kuɗin sabuwa. Na koma da rasit da hoton rahoton, mutumin ya ce shi ma haka aka kawo masa, ya juya ya ci gaba da hira da maƙwabcinsa. Na tsaya a wurin na fi minti goma ba wanda ya sake kallona. Na bar shi da Allah.

Ki duba naki rahoton. Ki kuma shiga System, About, ki ga sunan injinta. In Intel ce, lambar farko bayan i5 ko i7 ita ce zubinta, misali i5-6300U zubi na 6 ne, i5-8250U na 8, amma daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake dubawa. Windows 11 da ya fito a watan Oktoba na 2021 yana neman galibi zubi na 8 zuwa sama, da wani ɗan ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. 'Yan kasuwa suna da dabarar cusa shi a tsofaffin injuna, ya yi kyau a ido ranar ciniki, amma Microsoft ta faɗa cewa irin waɗannan ba su da tabbacin samun sabuntawa. Komawa Windows 10 ma ba mafita ba ce mai ɗorewa, tunda an daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025. In kin ga zubi na 6 ko na 7 ne aka sayar miki da sunan sabuwa, to ki ɗauki rasit ɗinki, ki tafi da wani namiji babba na gidanku, kada ki je ke kaɗai kamar yadda na yi, ki nemi canji tun kwanakin ba su yi nisa ba.

Ki turo hoton lambar da na shafin About ɗin, ki rufe sunanki kafin ki turo. Ina nan har bayan isha'i, in na gani zan amsa miki. Amma ki fara da kwashe fayilolin yau ɗin nan.