Ga mai tambaya kan keken ƙarfe: duba bututun kafin ka duba tambarin

Ƙanena, ka ce ka ga kekuna biyu na gwanjo, ɗaya siriri mai tambarin Reynolds 531, ɗaya mai manyan bututu, kuma nauyinka kilo 90, kana son wanda zai kai ka tafkin Bosomtwe ya dawo da kai Aboabo a Kumasi ba ciwon baya. To bari in gaya maka abin da shekaru suka koya mini.

Wannan tambarin ba ƙarya ba ne. Tun 1935 kamfanin Reynolds na Birmingham a Ingila ya fitar da 531, kuma ƙarfe ne mai kyau. Amma abin da mutane ba su gane ba shi ne, ƙarfe mai tsada da mai araha, in faɗinsu da kaurinsu ɗaya ne, lanƙwasawarsu ma ɗaya ce. Amfanin mai tsadar kawai ya fi jure wahala kafin ya karye, shi ya sa ake iya sirance shi. Za ka ga bututu kaurinsa milimita 0.9 a bakuna biyu inda ake haɗi, tsakiya kuma 0.6. Wannan sirantakar ce ke rage nauyi, ita ce kuma ke ba keke wannan ɗan tsalle mai daɗi in ka taka feda.

Faɗi kuwa shi ne babban zance. Tsofaffin kekuna bututun sama milimita 25.4 ne, na ƙasa 28.6. Na baya-bayan nan 28.6 da 31.8. Kamar ba komai, milimita uku, amma taurin na ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Na taɓa ɗaure buhun shinkafa a bayan siririn kekena, ina gangara sai kan keken ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, gwiwa na sa na danne bututun sama kafin ya lafa. Ni a lokacin kilo 65 nake. Kai da 90 ɗinka, in za ka riƙa ɗaukar kaya, mai faɗin ya fi maka.

Sai dai kada girma ya ruɗe ka, don akwai mai faɗi na ƙarfen banza, mai kauri kamar faifan ruwa. Ɗaga shi ka ji. Ɗan ƙwanƙwasa tsakiyar bututun da farce: marar kauri yakan yi ƙara tas, mai kauri kuwa dum. Zare sandar sirdi ka karanta lambar jikinta, in 27.2 ce galibi bututu mai kyau ne. Da ka zare, haska ciki da fitilar waya, domin damshin Kumasi daga ciki yake cin ƙarfe, fenti na waje yana ta ƙyalli.

Maganar ciwon baya kuma, gaskiya taya ta fi bututu tasiri. Taya mai faɗin milimita 35 da ba a cika mata iska tam ba ta fi kowane tambari shanye gargada, don haka duba ko firam ɗin, wato ƙarfen jikin keken, zai ɗauke ta.

In ka nace sai 531 ɗin, ranar da ya tsage kada ka kai wa mai waldar ƙofa. Nawa haka wani ya huda mini shi da wutar lantarki ina tsaye ina kallo. Nemi mai gas da tagulla, akwai su a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi.