Tambayoyin masu karatu: Ɗana zai bi gaɓar kogi cikin dajin Kanada

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce a garin Tawa, kuma ɗana yana karatu a birnin Kebek na ƙasar Kanada. Ya gaya mini cewa shi da abokansa za su yi kwana huɗu suna tafiya a ƙasa, suna bin gaɓar wani kogi cikin daji inda babu gari kuma babu rezo. Tun da na ji haka barci ya ƙaurace mini saboda tsoron namun daji. Shin in hana shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya kwantar da hankalinki. Shawarata ita ce kada ki hana shi, amma ki tsananta masa tambaya kan shirin da ya yi, domin abin da ya fi haɗari a wannan daji ba shi ne wanda kike tsoro ba. Irin wannan tafiya al'ada ce a can, kuma gandun daji na jihar Kebek, kamar na Jacques-Cartier da aka kafa a 1981 a arewacin birnin, suna ƙarƙashin hukumar Sépaq, wadda ke keɓe wuraren kwana da ake kamawa tun kafin a tashi.

Mu mutanen Adar mun san ƙishirwa da zafin rana, don haka yaranmu sukan raina sanyi da ruwa, alhali waɗannan biyun ne ke halaka matafiyi a can. Kogunan yankin suna cika da narkakkiyar ƙanƙara a watannin Afrilu da Mayu, kuma ko a tsakiyar lokacin zafi ruwansu yana da sanyi. Wanda ya zame kan dutse ya jiƙe, iska kuma ta buge shi, zafin jikinsa yana iya sauka har ya fara makyarkyata, yatsunsa su kasa ɗaura igiyar takalmi, maganarsa ta sarƙe. Idan aka ga haka, a tsaya nan take, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a ba shi abin sha mai ɗumi. Saboda haka ya bar tufafin auduga a gida, domin auduga tana riƙe ruwa, ya ɗauki na ulu da rigar ruwa, ya kuma ƙulle busassun kaya cikin leda. Idan hanya ta kai su ga tsallake ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, su nemi wani mashigi ko su juya, kuma mai tsallakawa ya kwance maɗaurin jakarsa na ƙugu don kada ta danne shi idan ya faɗi.

Baƙar beyar, wata babbar dabba mai gashi da farata, tana nan a dajin, amma yawanci tana gudun mutum, ƙanshin abinci ne ke jawo ta. Su ajiye abinci nesa da tanti, in kuma sun yi kiciɓis da ita kada su ruga, su ja da baya a hankali. Sauro da ƙananan ƙudaje masu cizo sun fi yawa a watan Yuni, shi ya sa na fi son ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Ruwan kogi, komai garai-garai ɗinsa, a tace shi ko a tafasa shi na minti 1 saboda ƙwayoyin cutar gudawa. Ya tafi da taswirar takarda da kamfas, wanda zai nuna masa alƙibla ma, tunda a can tana wajen arewa maso gabas.

Abu ɗaya da nake so ki tsaya a kansa, Hajiya, shi ne ya bar wa wani amintacce a birnin Kebek sunan hanyar da za su bi da wuraren kwanansu da ranar dawowarsu, domin idan ranar ta wuce ba a ji ɗuriyarsu ba, mutumin ya kira lambar gaggawa ta 911. Su kuma yi hayar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan adam, wadda ke aiki inda salula ta mutu.