Hukuncin Jawo Masu Saye Idan Abokan Sana'a Sun Yi Yawa

Tambaya: Malam, irin kayan da nake sayarwa mutane da yawa na sayarwa. Ina so in sassauta farashi, in yi talla, in riƙa yi wa mai saye gyara don ya dawo wurina. Abokan sana'a sun ce ina kashe musu kasuwa. Akwai laifi?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nemanka.

Allah ya halatta ciniki (Baƙara, 275), ya kuma gina shi kan yardar juna (Nisa'i, 29). Mai saye ba mallakin kowa ba ne kafin a daidaita da shi. Don haka kyautata kaya, cika alkawari, sakin fuska, gyara da tallar gaskiya duk halal ne. Annabi (SAW) ya roƙa wa mai sauƙin hali a saye da sayarwa rahama, kamar yadda Bukhari ya ruwaito.

Abin da aka haramta shi ne ka ɗaukaka kanka da cutar da wani. Kada ka tarar an gama ciniki ka ce wa mai saye ya fasa, kai za ka ba shi da rahusa. Hanin yana cikin Bukhari da Muslim. Kada ka kushe kayan maƙwabcinka da ƙarya, kada ka ɓoye aibin naka, kada ka sa wani ya yi tayin da ba saye zai yi ba don kuɗi ya hau. Yawan rantsuwa kuwa tana sayar da kaya amma tana shafe albarka, kuma mutane sun ɗauke ta abin wasa.

Rage farashi ne ke buƙatar bayani. A Muwaɗɗa, littafin hadisi na Imam Malik, Sayyidina Umar ya iske Haɗib ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi, ya ce masa ya ƙara kuɗi ko ya tashi daga kasuwar. Da wannan wasu Malikawa suka hana mutum saɓa wa farashin kasuwa. Imam Shafi'i kuma ya ruwaito cewa Umar ya koma ya ce masa wannan ba umarni ba ne, ya sayar yadda ya so. Abin da na fi natsuwa da shi: idan ka yarda da riba kaɗan don kaya su yi saurin fita, ka yi alheri, ƙorafin abokanka ba hujja ba ne. Amma idan kana sayarwa a faɗuwa da gangan don masu ƙaramin jari su durƙushe, sannan ka tsauwala bayan ka rage kai kaɗai, wannan cuta ce, kuma babu cuta babu cutarwa a Musulunci. Hukuma na da ikon hana ka.

Gyaran ma da sharaɗi: ya zama sananne, kada ka maido kuɗinsa a ɓoye ta rage awo ko inganci.

Allah ne Mafi sani.