Me ya sa zanen fentin mai yake tsattsagewa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zanen hotunan mutane da fentin mai a kan yadi a nan Kano. Na yi wa wani Alhaji hoton mahaifinsa, ko wata biyar ba a yi ba ya dawo mini da shi, fuskar da rawanin duk sun tsattsage. Ina shafe yadin da fentin bango haɗe da farin gam kafin in fara, kuma da kananzir nake sirka fenti. Fentin ne jabu, ko hunturu ne ya jawo?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hunturu yana da nasa laifin, amma ni hasashena matsalar tun ranar da kake zanen ta samo asali.

Fentin mai ba irin bushewar fentin ruwa yake yi ba. Man linsid, wato man 'ya'yan tsiro da ake kwaɓa launin da shi, iskar oksijin yake zuƙa a hankali har ya daskare, kuma daga sama yake farawa. Cikin kwana 2 zuwa 12 za ka taɓa ka ji ya bushe, alhali cikinsa ɗanye ne, yana ta motsi har tsawon watanni. To idan shafen ƙasa mai kauri ne, mai maiƙo, ka zo ka ɗora masa wanda ka tsinka da kananzir, na saman zai riga bushewa ya ƙage. Na ƙasa na motsawa, na sama ya dare, kamar laka a bakin tafki da rani.

Don haka ƙa'idar ita ce shafen farko ya zama siriri, mai ƙarancin mai. Kowane shafe da zai biyo baya ka ɗan ƙara masa man linsid, kaurin kuma ka bar shi sai a ƙarshe. Kananzir ɗin nan ka bar shi wa wankin buroshi. Yana daɗewa bai tashi ba, kuma in ya yi yawa sai ya raunana man da ke riƙe launi. Don sirka fenti nemi tafentin ko farin tina na masu zane, shi ma kaɗan.

Ka kai hoton bakin taga ka duba tsagar da kyau. In ta yi faɗi, bakinta a lanƙwashe, kana hango launin ƙasa ta cikinta, wannan gaggawa ce. In kuwa siririya ce mai kaifi, ta ratsa har yadi, fentin yana ɓamɓarowa ɓawo-ɓawo, to ka tuhumi shimfiɗarka. Fentin bango don siminti aka yi shi, ba don yadin da ake ja ana naɗewa ba. Na san da yawanmu da shi muka koyi aiki saboda tsadar kaya, amma aikin da za ka karɓi kuɗin mutum a kai ya cancanci jeso na akirilik, wato farin shafen shimfiɗa na masu zane da ake sirkawa da ruwa, shafe uku, kana bari kowanne ya bushe.

Rawanin da ka ambata ya sa na zargi farin fentinka. Juya bututun ka karanta. In ka ga PW4, farin zinki ne, wanda aka sani da gautsi in ya tsufa, har ya kan sa shafe ya rabu da na ƙarƙashinsa. PW6 shi ne titaniyam, ya fi aminci. Wasu kamfanonin gauraya su suke yi, sai ka ga lambobin biyu a jere. Launuka ma ba tafiyarsu ɗaya ba: ruwan ƙasa irin su amba suna bushewa da wuri saboda manganis da ke cikinsu, baƙin aibori da launukan kadmiyam kuwa suna jan ƙafa. Kada ka ɗora mai saurin bushewa a kan mai jinkiri tun bai kama jikinsa ba. Haka nan ana yin fentin mai a kan akirilik, amma akirilik a kan fentin mai ba ya zama.

Sai batun hunturu. A Kano danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 a lokacin, a watan Agusta kuma ya haura kashi 70. Yadi da katakon firam suna saki suna ɗaurewa da wannan canji, fentin da dama bai da ƙwari sai ya bayyana rauninsa. Ka rufe bayan firam da kwali mai kauri, ka kuma gaya wa mai hoto kada ya rataye shi inda rana ke duka ko a bangon da ke jiƙa da damina.

Banish kuma, wato shafen ƙarshe da ke kare fuskar hoto, sai bayan wata 6 aƙalla, mai kauri har shekara. Na san mai kaya ba ya son jin haka. Ka ba shi hotonsa, ku yi alkawarin ya dawo da shi a shafa. In aikin gaggawa ne, na biki ko naɗin sarauta, yi shi da akirilik kawai.

Hoton Alhaji kam kada ka cike tsagar da sabon fenti, za ta sake fitowa. Ka ba shi haƙuri, ka ja sabon yadi ka sake masa.