Fatawa: yarinyar da al'adarta ke tsallake watanni, yaya sallarta da azuminta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da 'ya mai shekara 14, muna zaune a Tudun Wada, Zariya. Bara ta fara ganin al'ada, ta yi sau biyu kwana biyar-biyar, daga nan sai ta ɗauke wata biyu. Da ta dawo, jinin ya zo kwana 4, ya tsaya kwana 2, ya sake dawowa. Yanzu kuma an shiga wata na uku ba ta gani ba. Na gano cewa idan kwanakin da take sa rai suka zo takan ajiye salla ko da ba ta ga komai ba. A cikin gida an fara ƙus-ƙus, wasu na cewa a ba ta jar kanwa, wata kuma ta ce gishiri ne, a kira wanzami. Mene ne hukuncin sallarta da azuminta, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin ki aikata, Allah ya raya yarinya bisa tafarkin addini.

Shari'a ta rataya hukuncin haila a kan ganin jini, ba ta rataya shi a kan kwanan wata ba. Matuƙar jini bai fito ba, 'yarki tana cikin tsarki ko da ta yi wata shida a haka. Za ta yi salla, ta yi azumi, ta taɓa Alƙur'ani. Ciwon mara, nauyin nono ko kasalar da kan riga jini zuwa, babu ɗaya da ke sauke mata salla. Tun ranar da ta fara ganin haila ta balaga, alƙalami ya hau kanta, saboda haka sallolin da ta ajiye ba tare da jini ba bashi ne. Ku zauna ke da ita ku ƙiyasta kwanakin gwargwadon rinjayen zato, ta rama su a jere daga asuba zuwa lisha, kowace rana abin da za ta iya. Kada a yi mata faɗa a kan wannan. Yawancin yara a tsakanin ƙawaye suke tsintar hukuncin haila, ba wanda ya zaunar da su ya karantar da su.

Inda aikin yake shi ne lissafin jinin da ke zuwa yana yankewa. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ake karantarwa a zaurukan Zazzau tun daga Ahalari har Risala, ƙarancin haila ba shi da iyaka a babin ibada: zubowa ɗaya ma haila ce. Ruwan fatsi-fatsi da gurɓatacce su ma haila ne. Mai farawa, wato wadda ta gani karon farko, mafi yawan kwanakinta 15 ne. 'Yarki ta wuce wannan matakin, domin al'ada tana tabbata da zuwa ɗaya, tata kuwa kwana 5 ce. Idan jini ya zarce mata sai ta ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon al'adarta, abin da malamai ke kira istizhari, da sharaɗin jimillar ba za ta haura 15 ba. Mai kwana 13 biyu za ta ƙara, mai 14 ɗaya, mai 15 ba ta ƙara komai. Iyakar 'yarki ke nan kwana 8.

A watan da kika ambata, kwanakin jini kaɗai za ta tara, ta tsallake na tsarki. Kwana 4 na farko haila ne. Da ya tsaya, wanka ya wajaba a kanta nan take, kwana biyun nan na salla ne, da a Ramadan ne kuma azuminsu ya inganta. Da ya dawo sai ta ci gaba da ƙirga daga na biyar. Duk ranar da ta ga jini ko sau ɗaya ne, ta shiga lissafi. Idan ya ɗauke a na bakwai, al'adarta ta koma 7, a kansa za ta gina nan gaba. Idan kuwa ta cika 8 bai tsaya ba, abin da ya biyo baya jinin cuta ne, istihala: ta yi wanka, ta yi ƙunzugu, ta ci gaba da ibadarta, an so ta sake alwala a kowace salla. Asalin wannan shi ne hadisin Faɗimatu 'yar Abu Hubaish a Bukhari da Muslim, wadda ta kawo kukan cewa jini ba ya yanke mata, Annabi (SAW) ya gaya mata wannan jijiya ce, ba haila ba, ta bar salla idan haila ta zo, idan ta wuce ta wanke jinin ta yi salla. Ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu kwana 15 ne. Jinin da ya zo bayan cikakken tsarki na 15 sabuwar haila ce, wanda ya zo kafin haka kuwa ana haɗa shi da na baya har a cika iyakar.

Ki koya mata alamomin tsarki guda biyu da bakinki, kada kunya ta hana. Ɗaya bushewa ce: ta sa auduga ko farin ƙyalle ya fito babu jini, babu fatsi-fatsi. Ɗayar ita ce farin kumfa, farin ruwan da ke fitowa a ƙarshen haila, wanda Nana A'isha ta ce wa mata kada su yi gaggawa sai sun gan shi. Ta riƙa dubawa a lokutan salla da kafin barci. Idan ta samu tsarki kafin alfijir a Ramadan ta ɗaura niyya, azuminta ya yi ko da sai bayan alfijir ta yi wankan. Idan ta tsarkaka da yamma, bayan wanka saura lokacin da zai ɗauki raka'a 5 kafin rana ta faɗi, azahar da la'asar duka suna kanta. Ƙasa da haka, la'asar kaɗai. Azumin kwanakin haila ana rama shi, salla ba a ramawa. Idan tana hadda a Islamiyya, malamanmu sun halatta wa mai haila karatu da ka, sun kuma yi wa ɗaliba rangwamen riƙe Alƙur'ani don kada karatunta ya zube.

Maganar ƙus-ƙus ɗin nan, Hajiya, ki tsaya da ƙafarki ki kashe ta. Ɗaukewar al'ada ba hujjar ciki ba ce a shari'a, ba kuma hujja ba ce a likitance. Allah ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12, a nisanci yawan zato, a Suratun Nur aya ta 4 kuma ya sanya bulala 80 ga wanda ya jefi kamilar mace bai kawo shaidu huɗu ba. Ƙazafi ga yarinya babban zunubi ne ko da daga bakin gwaggo ko kishiya ya fito. Idan ke da kanki kina da wani dalili na damuwa, ki keɓe da ita cikin lallashi, domin akwai yaran da ake zalunta su kasa faɗa saboda tsoro. Gwajin fitsari a asibiti yana raba gardama cikin mintuna, a asirce.

Abin da likitocin mata suka tabbatar shi ne, a shekara biyu zuwa uku na farko bayan fara al'ada sinadaran da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙwan mace ba su gama daidaita ba, watanni da yawa ƙwai ba ya fita, shi ya sa jinin ke jinkiri ko ya zo a rikice. Tazarar kwana 21 zuwa 45 daga farkon wata haila zuwa farkon ta gaba lafiya ce a wannan shekarun, jinin kuma kada ya wuce kwana 7. Fargabar jarrabawa, rama, ƙarancin abinci, sauyin wuri kamar shiga makarantar kwana, doguwar jinya irin ta tarin fuka, duk suna iya ɗauke shi. Masu sikila sukan yi jinkirin farawa. Akwai kuma matsalar maƙoƙo, da wata matsalar ƙwan mace da ake gane ta da ƙuraje a fuska, gashi a haɓa da ƙiba mai sauri.

Amma akwai iyakar da ba a zama a gida. Idan aka cika kwana 90 babu jini, ko sau ɗaya ne, a je asibiti, 'yarki kuwa ta kusa kai nan, don haka ki fara shiri. Haka idan jini ya haura kwana 7, ko tana jiƙa audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, ko yana fita guda-guda tana jiri, tafin hannunta ya yi fari. Nan a lura: kwana 15 da fiƙihu ya ambata iyakar hukuncin salla ce, ba izinin a zuba wa yarinya ido tana zubar da jini mako biyu ba ne. Wadda ta kai 15 ba ta taɓa gani ba, ko ta kai 13 ƙirjinta bai fara tasowa ba, ita ma a duba ta. Mafi gaggawa ita ce wadda ba ta taɓa ganin jini ba amma duk wata mararta na murɗawa tana kumbura, domin wani lokaci hanyar ce a toshe tun haihuwa jinin na taruwa a ciki, ƙaramin aiki ne a hannun likita. Sashen mata na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ko asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan za su yi gwajin jini da hoton mara. Ki nemi likita mace idan akwai. Idan babu, larura ta halatta namiji ya duba ta kina wurin.

Kiran wanzami bai halatta ba. Yankan gishiri ba ya kawo al'ada, yana jawo zubar jini, shigar ƙwayoyin cuta da yoyon fitsari idan aska ta taɓa mafitsara, ƙa'idar shari'a kuwa ita ce babu cuta babu cutarwa. Jar kanwa da haɗe-haɗen da ba a san awonsu ba suna iya ƙona ciki su taɓa ƙoda. Ƙwayoyi da alluran kawo al'ada da ake saye a kemis ba da takardar likita ba su ma ki guje su: jinin da suke saukarwa yana rufe ainihin matsalar, ya ƙara rikita lissafin tsarkinta. Idan likita ne ya rubuta bayan bincike, sha ya halatta, jinin da ya zo kuma ki kawo bayaninsa a duba hukuncinsa.

Ki saya mata ƙaramin littafi ta riƙa rubuta ranar da jini ya fara, ranar da ya tsaya, launinsa, da yawan audugar da ta canza a yini. Da wannan rubutun za ta san kwanakin azumin da ake bin ta ta rama kafin wani Ramadan ya zagayo, shi ne kuma abu na farko da likita zai tambaya ranar da kuka je.

Wallahu a'alam.