Me ya faru da karnukan tsere lokacin korona?

Ka tambaya ko dokar kulle ta korona ta zama hutu ga karnukan tsere na Turai. Ɗan'uwa, hutun bai daɗe ba.

A Ingila an dakatar da tseren a watan Maris na 2020, amma ranar 1 ga Yuni aka dawo da shi, ba 'yan kallo. Dalili kuwa kuɗin ba daga ƙofa yake fitowa ba, daga caca ne, kuma mai caca yana kwance a ɗakinsa zai zuba kuɗi ta waya. A mafi yawan jihohin Ostireliya ma ba a tsaya ba ko kaɗan.

Abin da ya fi damuna shi ne filayen da suka rufe gaba ɗaya, irin su Belle Vue na Manchesta, wanda aka buɗe tun 1926. Shi karen tsere siriri ne mai dogayen ƙafafu, fatarsa ba kauri, gudunsa ya kusa kilomita 70 a awa, kuma a kwanar filin tsere yake yawan karyewa idan karnukan suka cunkushe. Rayuwarsa duk a keji ya yi ta, bai ma san hawa matakala ba. Da an rufe fili, mai shi ba ya samun kuɗin ciyar da shi, sai ƙungiyoyin sa-kai su shiga nema masa gida, alhali dokar kullen ta hana mutane zuwa ganinsa.

A Fulorida ta Amurka kuwa, tun 2018 jama'a suka kaɗa ƙuri'ar haramta tseren daga ƙarshen 2020. Korona ta sa wasu filayen rufewa tun kafin wa'adin.